Ƙanena Ya Manta Sunan Innarmu, Baffa Yana Rabon Goro

Anti Mahbuba, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Lahadi. Mazan gidanmu sun kusa sa min hawan jini, kuma na rasa wanda zan kai wa kukana.

Ni malamar firamare ce a Dutse, amma gidanmu yana wani ƙauye a bayan Kiyawa. Ina da ƙane, Bubayero, ni na goya shi bayan rasuwar Innarmu. Yaro ne da Allah ya hore wa jiki, tun yana ɗan shekara goma sha biyar shi ke kayar da bijimi in za a yi wa shanu allura. Ya samu tafiya Amurka karatu, muna ta murna gidanmu zai yi injiniya, ashe wani koci ya ƙyalla ido ya gan shi, ya ja shi wasan ƙwallonsu. Ba irin tamu ta ƙafa ba ce, Anti. Ƙwallon kamar gwanda take, mutum ya rungume ta ya zura da gudu, ƙarti sanye da hular kwano su bi shi su kayar. Aikin ƙanena ke nan, kayar da 'ya'yan mutane, kuma yanzu ita ce sana'arsa. Karatun injiniya kuwa an daɗe da yi masa sallah.

Shi kuma Baffanmu, wato mahaifinmu, ɗan shaɗi ne a zamaninsa. Har yau in ya tuɓe riga za ki ga tabon bulala a haƙarƙarinsa kamar kunyoyin gona, kuma ba ya gajiya da labarin yadda ya tsaya a fili a Buji, yana kallon madubi yana murmushi ana tsula masa. Ranar da Bubayero zai tafi, ni kilishi da yaji na haɗa masa. Baffa kuwa wannan tsohon madubin ya ɗauko ya damƙa masa, ya ce kada ya kuskura wani mahaluƙi ya ga zafi a fuskarsa.

Wata biyu da suka wuce Bubayero ya yi karo da wani ɗan wasa, kai da kai. Ashe a dokar wasan akwai likitan da aikinsa kawai ya zuba ido, in ya ga mutum ya bugu a ka ya sa a fitar da shi a duba, ko yana so ko ba ya so. Aka fitar da shi, aka hana shi wasa biyu. Ƙari a kan haka alƙalin wasa ya hukunta shi, wai ya sunkuyar da kai ya yi tunkuyi, kuma doka ta hana. Maigidana, wanda abu ba ya kwana a wayarsa, ya kwashi bidiyon ya kai majalisar su Baffa. Dattawa suka ga ɗan Baffa yana fita daga fili da ƙafarsa, ba jini ba karaya. Wani tsoho ya ce ashe a can ma ana gudun bulala. Kwana uku Baffa bai leƙa majalisa ba. A na huɗu ya sa aka ɗauki muryarsa aka tura wa yaron. Na ji saƙon, Anti, da ma ban ji ba. Ya ce wane bijimi ne yake faɗa kansa a sama, ya ce likita ba ubansa ba ne, kuma in ya sake fita da ƙafarsa to ya aiko masa da madubinsa.

Ni kaina dokokin nan sun ɗaure min kai. Bubayero ya ce tun da aka tsananta a kan dukan kai, 'yan wasa suka koma kai hari ƙasa, gwiwoyin mutane suke ta tafiya. Wani abokinsa ma yanzu da sanda yake dogarawa. Ka taɓa sama laifi, ka yi ƙasa ka nakasa ɗan wani. To wannan wasa ne ko yaƙi? Amma ba shi ne ya hana ni sukuni ba.

Mako biyu ke nan aka sake buge shi a ka. Wannan karon ya miƙe zumbur yana dariya, ya lallaɓa ya amsa tambayoyin likita, ya koma ya ƙarasa wasan. Baffa ya sayi goro ya raba wa majalisa kaf. Bayan kwana biyar Bubayero ya kira ni. Ya ce kansa ya ƙi daina ciwo, hasken waya ma sukar idonsa yake, in ya ta da sallah sai ya rasa raka'a ta nawa yake. Muna magana jaririyata tana cinyata, ya tambaye ni wane suna aka sa mata. Na ce Ikilima. Muka shiga wata hira, ya sake tambaya. Sau uku, Anti. Sunan Innarmu ne fa, kuma shi da bakinsa ya roƙe ni in mayar da sunan. Da na fashe da kuka sai ya sa ni rantsuwa da Allah ba zan faɗa wa Baffa ko mutanen kulob ɗinsu ba, wai manyan wasanni ne a gaba, in ya zauna wani zai gaje gurbinsa. Ni kuma sakarya na rantse.

Na ɗan gutsura wa maigidana, ya ce mu mata mun cika tsoro, ciwon kai ne, ya sha farasitamol. Mutumin da in ƙaya ta soke shi sai na yi jinyar kwana biyu! Wallahi na gaji. Uba da taurin kai, ɗa da taurin kai, ni a tsakiya da rantsuwa a wuya. Lahadin nan zai sake shiga fili. In karya rantsuwar? In na faɗa wa Baffa ya ce raki ne fa? In kuma na yi shiru wani abu ya sami yaron nan, me zan ce wa Inna gobe kiyama?

Yayar Ɗan Ƙwallo, Dutse

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Share hawayenki, aiki ne a gabanki. Na tura miki wannan amsa tun kafin ta fito a jarida, don Lahadi ba za ta jira mu ba. Na kuma sauya sunayen da kika rubuto, amma kada ki yaudari kanki, 'yan Jigawar da ke wannan wasa ba za su cika keke napep ɗaya ba. Gara Baffa ya ji daga bakinki da wani ya karanta masa a majalisa.

Na karanta wa wata likita wasiƙarki. Ta ce ba za ta yanke hukunci a kan wanda ba ta duba ba, amma abin da kika lissafa alamu ne na girgizar ƙwaƙwalwa, kuma babban haɗarin shi ne a sake bugun kan kafin ya warke. Wannan ba maganar farasitamol ba ce, ki gaya wa maigidanki ni na ce.

Rantsuwar nan ta daina hana ki barci. Malamai sun daɗe da yin bayani cewa rantsuwar da cika ta zai jawo cuta, karya ta ake yi a yi kaffara. Ki tambayi limaminku yadda za ki yi, amma ki fara da ceton ƙanenki.

Maganar dokoki kuwa, Bubayero yana da gaskiyarsa. An toshe wata kafa, ɓarna ta ɓullo ta wata, kuma ba wanda zai so gwiwarsa ta tafi. Tsoron rasa gurbi ma ba ƙarya ba ne. Sai dai ki tuna masa, abokin nasa mai sanda ya san sunan uwarsa. Ni abin da ya fi ba ni haushi, an ajiye likita musamman don kansa, shi kuma ya tattara wayonsa duka ya yaudari likitan.

Baffa ba mugu ba ne, kada ki je masa da faɗa. Juriyar da ya dasa wa yaron ita ta kai shi inda yake. Kuskurensa ɗaya, yana auna ciwon da ba a gani da mudun shaɗi, inda rauni a fata yake fitowa kowa ya shaida.

Yau ɗin nan ki kira Bubayero. Ki faɗa masa gaba da gaba cewa kin fasa riƙe sirrin, kuma ya je wurin likitan kulob ya faɗi komai, har da raka'o'in. In ya ƙi, ki nemi duk wanda kike da lambarsa a can, ko aboki ko limamin masallacinsu, ya kai maganar. Zai yi fushi, ya yi. Mai fushi da ke ya fi wanda bai gane ki ba.

Gobe da sassafe ki hau mota ki tafi gida. Ki sami Baffa shi kaɗai a wurin shanu, ba a gaban dattawan da suka zuga shi ba. Kada ki fara da sunan cuta. Ki tambaye shi, a shaɗin zamaninsu, da wani ya ɗaga bulala ya nufi kan abokin karawarsa, manyan da ke tsaye a fili za su zuba masa ido? Ki tambaye shi ko ya taɓa ɗaura wa bijimin da ke tangaɗi garma. Ki bar shi ya amsa da kansa. Sannan ki ɗora masa jikarsa a cinya, ki gaya masa sau nawa ɗansa ya tambayi sunanta. Na san a al'adarku Baffa bai taɓa kiran wannan suna da bakinsa ba, amma ba na jin zai yarda ɗansa ya manta shi. Daga nan ki miƙa masa waya. Muryarsa ce ta mayar da yaron cikin fili, ita ce kuma za ta fito da shi. Madubin ya zauna a wurin Bubayero, ba wanda ya ce ya dawo da shi.

Allah ya ba shi lafiya mai ɗorewa, ya sanyaya zuciyar Baffa, ya jiƙan Inna. Allah ya raya Ikilima, ya sa ranar aurenta kawunta ya kira sunanta ba tare da an tuna masa ba.

Anti Mahbuba