Rasuwar Mista Delbert Hostetler da Matsayinmu Kan Bikin da Aka Shirya da Sunansa

Cikin alhini da karayar zuciya ne mu sauran 'yan ƙungiyar makaɗa ta Harlan Street Rockets, da ke garin Carver Falls a Jihar Ohio, muka samu labarin rasuwar jagoranmu, wanda ya kafa wannan ƙungiya kuma ya kasance babban mai kaɗa mata jita, Dattijo Mista Delbert Hostetler, wanda ya cika da safiyar Talata a gidansa, yana da shekara saba'in da biyar, a gaban mai ɗakinsa Misis Marlene Hostetler da 'yarsu Dakta Noreen.

Marigayin ya yi shekara talatin da huɗu yana aiki a kamfanin taya na wannan gari, kuma bai cika wata guda da yin ritaya ba ya liƙa takarda a shagon aski, inda ya rubuta: "Ana neman tsofaffin da suka iya kiɗan rok-an-rol na zamanin samartakarmu. Mai ciwon gwiwa ya zo da kujerarsa." Mu uku muka amsa kira, muka riƙa haɗuwa a garejinsa duk ranar Talata da la'asar. Daga wannan gareji ya kai mu gidajen kula da tsofaffi, da zauren tsofaffin sojoji, da bukukuwan ma'auratan da suka cika shekara hamsin tare, har Kwamitin Bikin Bazara na gari ya ba mu dandalinsa shekara goma sha ɗaya a jere. Shi ne kuma ya samo mana mawaƙi, Mista Royce Tillman, a lokacin da matar Royce ta rasu ya kulle kansa a gida. Sau huɗu marigayin yana zuwa ƙofarsa, a na ƙarshe ya ce masa, "Tashi ka sa takalmi, malam, muryarka ba ta mutu ba."

Da sanyin bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama marigayin, hannunsa na hagu ya yi rauni. Shugaban Kwamitin da Mista Tillman sun je asibiti da furanni, kuma a kan idonmu Mista Tillman ya riƙe wannan hannu ya ce, "Del, wurinka yana nan, ko waƙa ɗaya za ka iya, da kai za mu hau." A kan wannan alkawari ya yi wata biyar yana matsa ƙwallon roba da yatsunsa, har ya dawo yana iya kaɗa waƙa uku daga farko zuwa ƙarshe. Ranar da mai ɗakinsa ta raka shi aski a watan Yuni, sai ya tarar da takardar tallar Bikin Bazara a jikin taga, ɗauke da sunan ƙungiyar da ya raɗa da bakinsa, da hoton Mista Tillman a tsakiyar wasu makaɗa huɗu da aka ɗauko daga birni. Babu wanda ya kira shi, mu ma ba a kira mu ba. Ya daɗe a tsaye yana karantawa, sannan ya ce wa mai ɗakinsa, "Mu je gida, Marlene, gashin bai yi yawa ba." Bai sake taɓa jita ba.

Likitoci sun ce ciwon zuciya ne ajalinsa, kuma ba mu ja da maganarsu ba. Amma tun da Kwamitin ya sanar jiya cewa zai shirya bikin kiɗa don tunawa da shi, ba tare da ya tuntuɓi iyalinsa ba, ya zama wajibi mu shaida wa jama'ar gari cewa babu hannunmu a ciki, ba za mu halarta ba, kuma ba mu yarda a yi amfani da sunan ƙungiyarmu ba. Mai son karrama marigayin ya zo cocinsu ranar Asabar da ƙarfe goma, inda za a yi masa addu'ar jana'iza. Mista Tillman ya aiko yana neman izinin rera waƙa a wurin, kuma Misis Hostetler ta umarce mu mu isar da amsarta yadda ta faɗa: "Ƙofar coci ba tawa ba ce, ya zo ya zauna kamar kowa. Amma ba a kan gawar mijina zai gwada murya ba."

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga Misis Marlene Hostetler, da Dakta Noreen, da jikokinsa biyar, da tsofaffin abokan aikinsa, muna roƙon Ubangiji ya ba shi hutawa, ya ba iyalinsa juriyar wannan babban rashi, mu kuma ya ba mu ikon yafewa, domin har yau ba mu kai ga hakan ba.

Sa hannu:
Eugene Marchetti
Mai Ganga kuma Kakakin Ƙungiya
Harlan Street Rockets, Carver Falls