Awa Huɗu da Mai Tsara Ɗakuna

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da yaran. Ya ƙafar Mama? Mu nan lafiya lau, sai kewarku.

Yaya, raina a ɓace yake. Kin san tun ina gida nake mafarkin falo irin na littattafan da nake karantawa, mai labule har ƙasa. Da muka tashi gyaran gidan nan, sai maigida ya kira wata mai tsara ɗakuna. Na karɓe ta yadda aka koya mana. Na tambayi mutanen gidansu ɗaya bayan ɗaya, na hana ta tashi sai da ta ci abinci. Har labarin wani littafi na ba ta tun daga farko, don ta gane falon da nake so. Tana ta murmushi tana cewa, "Ci gaba, ina jin ki."

Ashe da awa ake biyanta! Awa huɗu ta rubuta, har da lokacin da take cin abincina. Ko ƙusa ba a buga ba, rabin kuɗin jirgina na zuwa gida ya tafi. Maigida bai yi faɗa ba.

Kada ki damu, ba mu rasa komai ba. Sai dai zuwana gida bana da wuya. Ki lallaɓa Mama ki sanar da ita, amma ki ɓoye dalilin. In ta ji a nan sai ka biya baƙo kuɗin cin abincinka, cewa za ta yi in tattaro kayana.

Allah ya sada fuskokinmu.

Ƙanwarki