Yatsan Surukinki a Filin Harra

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rabi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, ina roƙon Allah Ya sa wannan Juma'a ta riske ki cikin rahama, Ya yalwata makwancinki a maƙabartar Baƙi'a ta nan Madina. Ni ce Hafsatu. Yara duk lafiya, kowa yana ɗakinsa, gidan ya rage daga ni sai surukinki Malam.

Na san takarda ba ta zuwa inda kike. Amma tun ina ƙarama, in tsoro ya kama ni, gabanki nake zuwa in zauna, ko da ba za ki ce komai ba. Yau ma haka na yi. Na kuma san matan unguwa da 'yan'uwa na Kano da Maraɗi suna karanta abin da nake sakawa a shafin nan. Su karanta. Zan faɗa miki dalili in na kai ƙarshe.

Kin tuna filin nan na bayan gidanmu a Harra ta Yamma, inda baƙaƙen duwatsu suka bar wani fage a tsakiya? Kin tuna mutanen Indiya da na Fakistan da suke taruwa a can duk Juma'a bayan la'asar? Kina shanya a soro kina leƙensu, kika ce katakon da suke dukan ƙwallo da shi kamar na masu bugun shadda ne. Wasan kurket sunansa. Har yau suna yi. Masu gyaran wuta ne, da direbobi, da teloli, da masu wanki a otal-otal na kusa da Harami. Sahu ɗaya suke sallah da rana, in sun fito kuma su rabu gida biyu.

Ke kika san yadda Malam ya shiga cikinsu. Shekarar da ya ajiye tuƙin motar alhazai, yana zaune a bakin filin da butar shayinsa, gardama ta tashi. Aka rasa mai rabawa, don duk wanda ya buɗe baki ko na wannan ƙasa ne ko na waccan. Sai Rafiƙ, Bafakistanen nan mai gyaran wuta, da Majid, Ba'indiyen da ke hawa na biyu a gininmu, suka zo suka tsaya a kansa. Ya ce musu bai san wasan ba, bai taɓa riƙe katakon ba. Suka ce shi ya sa suka zo. Da ya ba mu labari kin yi dariya har kika yi tari, kika ce yau kin ga garin da ake naɗa alƙali don bai san shari'ar ba.

Sun koya masa, ya kuma koya da gaske, kin san halinsa. Sanduna uku ake kafawa, mutum ya tsaya yana kare su, wani ya jefo ƙwallo da ƙarfi. In ƙwallon ta bugi ƙafar mai karewa a daidai inda da ta wuce ta kayar da sandunan, alƙali ya ɗaga yatsa ɗaya, mutumin ya fita. Shi ke nan, ba ɗaukaka ƙara. Duk hukuncin a ido yake, Inna, cikin ƙiftawa ɗaya. Shekara goma sha ɗaya yana ɗaga yatsan nan, suna kiransa Hakam Sahib, wato mai girma alƙali, ba wanda ya taɓa mayar masa da magana.

A wurin cin abinci na koyi tarihin abin, don Malam ba ya dawowa daga filin sai da labari. Ya ce da can Indiya da Fakistan ƙasa ɗaya ce a hannun Turawa, su suka kawo musu wasan. Da Turawa za su tafi aka raba ta biyu, jini ya zuba mai yawa, mutane suka bar gidajensu da ƙofa a buɗe. Gidan kakan Rafiƙ yana cikin Indiya, bai taɓa ganinsa ba. Majid yana da gwaggo a Karachi, har ta rasu muryarta kaɗai ya sani. Bayan rabuwar ƙasashen biyu suka riƙa haɗuwa a wasan nan. Wani lokacin a buɗe iyaka mutane su tsallaka kallo, su kwana a gidajen da ba su sani ba, masu shago su ƙi karɓar kuɗinsu. Sai yaƙi ya tashi, a yi shekaru ba a buga ba. Sai shugabanni su shirya, su zauna gefe da gefe suna kallo. Sai wani abu ya sake fashewa, a rufe.

Abin da Malam ya fi so a cikin tarihin shi ne na alƙalai. Ya ce da can duk ƙasar da ake wasa a cikinta ita ke kawo alƙalinta, baƙi kuma kullum su koma gida suna cewa an cuce su. Har aka gaji, aka fara ɗauko alƙali daga wata ƙasa ta uku. In ya zo nan sai ya dafa ƙirji ya ce, to ni ne ƙasa ta ukun. Yanzu ma, in ji shi, ba sa zuwa ƙasar juna, sai dai a haɗa su a wani wuri kamar Dubai. Kwanakin baya aka tashi wasa 'yan wasan ko musabaha ba su yi ba, aka yi ta nunawa a waya. Tun daga ranar filinmu ya sauya. Samarin da suka zo aiki kwanan nan ba su san Rafiƙ da Majid sun yi shekara ashirin suna buɗe baki a faranti ɗaya ba. Abin da ke cikin wayarsu suka sani.

To, Inna, ga abin da ya zaunar da ni. Malam ba ya gani sosai.

Na fara lura bara. Yana zuba shayi sai ya zubo a gefen kofi, ya ce hannunsa ne ya goce. Wata safiya yana karatu, na ajiye masa kunu, na ga Alƙur'anin a buɗe a wata sura, bakinsa kuma yana karanta wata daban. Da ka yake yi, yana juya shafi don kar in gane. Na juya na koma kicin. Daga baya na matsa masa muka je asibiti. Likita ya ce ciwon suga ya taɓa jijiyar idon, na hagu saura kaɗan, na dama yana ganin mutum amma ƙaramin abu mai gudu sai dai inuwa. A cikin mota ya ce min, Hafsatu, wannan amana ce tsakanina da ke.

Na riƙe. Wata takwas na riƙe. Duk Juma'a ya ɗauki farar hularsa mai faɗi ya fita, ni kuma in zauna a kan sallaya ina jan carbi har in ji takunsa a matattakala. Yana hukunci da kunne, da kuma sanin mutanen. Ya san wane ne in ya yi ihu da gaskiyarsa yake yi, wane ne kuma ɗan neman sa'a. Ya daɗe yana dacewa.

Juma'ar da ta wuce bai dace ba. Ya ɗaga yatsa a kan wani saurayi Ba'indiye, ƙwallon kuwa, in ji kowa, ta yi nesa da sandunan da kusan taku guda. Saurayin ya ƙi fita. Aka fara ture-ture, wani ya ɗauki dutse, kin san duwatsun Harra da kaifi. Goshin wani direba Bafakistane ya tsage, jini har riga. Motar 'yan sanda ta biyo ta titin, Allah Ya sa duk suka zauna a ƙasa kamar masu hutawa, aka rufe mai raunin da mayafi, ta wuce.

Ke kin san abin da zai biyo baya da a ce ta tsaya. Mu 'yan ƙasar Saudiyya ne, a ƙarshe gida za mu kwana. Su kuwa iƙama ce a aljihunsu, takardar zama, a hannun mai gidan aiki take. Rigima ɗaya ta isa a sa mutum a jirgi a mayar da shi ƙasarsu. Kowannensu akwai uwa da mata da yara a can da suke ci daga hannunsa.

Ranar Talata Nasrin, matar Majid, ta hawo da ɗan kwanon alawarsu ta madara. Larabcinta a karye, ni kuma ba na jin Urdu, harshensu, amma mun daɗe muna fahimtar juna. Ta ce samarin Indiya suna cewa an saye Hakam Sahib, wai shinkafar gidan Rafiƙ ce take ɗaga masa yatsa. Ta yi dariya da ta faɗa, ni ban iya ba. Ta ce sun yi alkawarin Juma'ar nan ta yau za su rama, na Fakistan kuma sun ce suna jira. Sai ta kama hannuna ta kira ni da sunan 'yata kamar yadda ta saba, ta ce, Ummu Suhaila, ke 'yar'uwata ce, idon Hakam Sahib lafiya? Na ce alhamdulillahi. Ta dube ni, ta dube ni, ta ɗauki kwanonta.

Inna, ban yi ƙarya da harshe ba, amma na san abin da na sa ta tafi da shi. Ke kika zaunar da ni da allo, ke kika biya min ayar da ta hana ɓoye shaida, kika sa na maimaita har na yi kuka. Kika ce, abin da idonki ya gani ke za a tambaya, ba maƙwabciyarki ba. Kuma ke ɗin dai, ranar da za a kai ni ɗakin Malam, kika riƙe kafaɗata kika ce, abin da ya faru tsakaninki da mijinki ko ni kar ki kawo min. Kwana uku ina jujjuya maganganun nan biyu. Da kina nan da na tambaye ki wacce ce babba.

Yau da safe bayan ya karya na faɗa masa. Na durƙusa kamar yadda kika koya min, na ce Malam, ka yafe min, amanar nan ta fi ƙarfina. Na ce ko ka faɗa musu da bakinka, ko ni in faɗa. Ya ajiye kofin shayinsa. Sannan ya ce, to malama, in na zauna a gida wa zai tsaya? Ba'indiye ko Bafakistane? Ya ce rana irin ta yau in babu shi a tsakiya, kafin a jefa ƙwallon farko za a fara jifa da dutse. Ya ce, makaho da suka yarda da shi ya fi mai ido da ba su yarda da shi ba.

Akwai gaskiya a cikin maganarsa. Kuma na ga abin da bai faɗa ba. Tun da ya bar tuƙi, filin nan ne kaɗai wurin da ake jiran zuwansa. Mutumin da ya yi shekara talatin yana kai baƙin Allah Makka ya dawo da su, yau in ya ce ba ya gani, sai kujera da rediyo. Wallahi ina jin tausayinsa har cikin ƙashina. Ban taɓa saɓa masa a kan wani abu babba ba, kin sani.

Amma sun yarda da shi ne don suna zaton yana gani. In ya sake kuskure yau, ba za su ce tsoho ne ido ya gaza ba, za su ce an saye shi, kuma a kan juna za su huce. In kuwa sun san gaskiya, ko ba komai saurayin nan zai san ba don ƙasarsa aka fitar da shi ba. Wataƙila su bar wasan yau. Wataƙila su zaunar da Malam a gefe su nemi wani, akwai ɗaliban jami'a 'yan Najeriya da suke wucewa ta nan. Wataƙila kuma abin ya fi haka muni, ban sani ba.

Na fara rubutun nan tun da ya tafi masallacin Juma'a. Ya dawo, ya ci abinci kaɗan, ya kwanta, ya tashi ya yi la'asar. Yanzun nan ya fita. Ya tsaya a bakin ƙofa yana laluben takalminsa da ƙafa, na matsar masa da su, ya saka. Na ce Malam, za ka faɗa musu? Ya ce Allah Ya yi miki albarka, ya ja ƙofa.

Daga tagar kicin ina hango filin. Sun fi na kullum yawa, har motoci sun jeru a bakin titi. Ina ganin farar hularsa tana tafiya a hankali zuwa tsakiya. Bai tsaya wurin Rafiƙ ba, bai tsaya wurin Majid ba.

Shekara goma sha ɗaya ban taɓa taka filin nan ba. Ba mace a wurin ko ɗaya. Ban san da wane harshe zan yi magana ba, ban san ko muryata za ta fita ba, kin san ba ta da ƙarfi. Ina tsoron idon maza ɗari a kaina. Na fi tsoron fuskar Malam in ya ji muryata a bayansa, don ban san ko zai sake dubana kamar da ba. Shi ya sa zan saki wasiƙar nan kafin in sauka. In ta fita, ba ni da hanyar komawa kicin in yi shiru. Zan ƙwanƙwasa wa Nasrin, in ta yarda ta raka ni, in ba ta yarda ba in tafi ni kaɗai.

Ya Allah, Ka jiƙan Innata, Ka haskaka kabarinta, Ka haɗa ta da wanda take maƙwabtaka da shi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ka tsare bayinKa da ke filin nan, na wannan ƙasa da na waccan, Ka mayar da kowa ga iyalinsa da mutuncinsa. Ka sanyaya zuciyar mijina a kaina. In na yi daidai Ka ƙarfafa ƙafata, in na yi kuskure Ka yafe min, Ka sa kuskuren ya tsaya a kaina ni kaɗai.

Na sa abayata, Inna. Sun fara kafa sandunan.

'Yarki mai kewarki,
Hafsatu, daga Harra ta Yamma, Madina.