Direban da Ya Cire Giya a Gangare

Zuwa ga Yaya Mamman a Kano,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina iyali? Yaya ƙafar Inna? Mu nan Mirriya sai godiya, amma ɗana Habu yana kwance.

Kumandan, mai mulkin yankinmu, ya aiko mota ta kwashi yaran lakwal, wato makarantar boko, zuwa Zinder, har da Habu. Direban Tanko ne, ɗan garin nan. Da suka kai gangare, sai ya cire giya ya kashe inji, wai yana tattalin mai. Mota ta kwasa da gudu. Ya taka birki bai kama ba, ya nemi mayar da giya ta ƙi shiga. Sai ya buɗe ƙofa ya dire, ya bar yara a ciki har motar ta kife a gonar gyaɗa. Habu ya karye a cinya. Mai ɗori ya ce zai taka, amma da ɗingishi.

Tanko ko sannu bai zo ya yi ba. Uwarsa ce ta zo tana cewa, "Malam, ƙaddara ce." Na ce mata, "Ƙaddarar ce ta buɗe masa ƙofa?"

Yanzu na ji ya gudo Kano yana neman aikin tuƙi. Yaya, duk mai mota a Kano ka same shi ka ba shi labarin. So nake Tanko ya tsufa yana tafiya a ƙasa.

Ka sa Habu a addu'a, ka gaida mutanen gida. In kun haɗu da Tanko kuwa, ka ce masa ban yafe ba.

Ƙanenka,
Isa