Ranar Da Ka Ce Wa Bature Bismillah

Zuwa ga Yayana, Yaya Sabi'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka da rai da lafiya a duk inda Allah ya ajiye ka. Ni ce ƙanwarka Hadiza, daga ɗakinmu na unguwar Sanyuanli a nan Guangzhou. Ba ni da adireshin da zan aika ta, shi ya sa na sa ta a zauren intanet na 'yan kasuwarmu na Guangzhou, ko wani da ya gan ka zai karanta maka.

Wata ya mutu, wani ya kama, tun safiyar da ka ce za ka leƙa kasuwar Shahe ka duba wa Alhaji Mamman na Maraɗi dilar wanduna. Ka bar shayinka ko hucewa bai yi ba. Wayarka ta yi ta shiga ba a ɗauka har la'asar, daga nan aka kashe ta. Tsoro nake ji, Yaya. Ko maƙwabciya ce ta ja kujera a sama, sai gabana ya faɗi.

Ka tuna yadda garin nan ya koma da wasannin Olamfik suka ƙarato. A da mutum ya tsallaka Hong Kong ya dawo da sabon tambari a fasfo. Sai aka wayi gari an ce kowa ya koma ƙasarsa ya nemo biza. Bizarka ta ƙare, tawa ta bi bayanta. Ka ce mu daure mu laɓe har ƙura ta lafa, ni ina girki, kai kana kai wa 'yan kasuwa.

Kai ka kafa mana dokoki. Babu alama a ƙofa. Duk wanda ya zo cin tuwo ya shigo da takalminsa a hannu, don tarin takalma a bakin ƙofa shi zai tona mu. Ni kuma in rufe taga kafin in sa daddawa, ko da zafi zai kashe ni.

Sai ga shi kai da bakinka ka rushe su duka. Rannan a titin Guangyuan, na biyo ka in kwashe kuloli, kuna zaune a kan diloli kai da Alhaji Mamman, tire ɗaya, tuwon shinkafa miyar kuka. Wani dogon Bature ya zo wucewa, mutum biyu na bin sa da kyamara. Ya ja ya tsaya yana leƙen tiren. Kai kuwa ko ɗaga kai sosai ba ka yi ba, ka nuna tiren da hannu ka ce bismillah, kamar yadda za ka ce wa kowane mai wucewa a Kantin Kwari.

A gida kowa ya san amsar: alhamdu lillahi, na gode, mutum ya yi gaba. Wannan bawan Allah sai ya naɗe hannun riga ya zauna. Alhaji Mamman ya raɗa mini cewa shi ne wanda ake nunawa a dish, mai bin gari gari yana cin abincin mutane, duniya na kallo. Na ja mayafi na rufe fuska, ina harararka ta ƙasa. Kai ko a jikinka, kana can kana koya masa yadda ake gutsurar loma.

Da muka dawo na yi maka tas, har na manta kai ne babba. Ka ce mutum ya ci tuwonka, ya ce gobe zai zo ya yi wa mai girki godiya, da wane baki za ka ce masa a'a. Ka ce Baba bai taɓa tambayar baƙo takardarsa ba kafin a kawo masa ruwa. Washegari suka hawo benenmu da kyamararsu, kai kana gaba kana riƙe musu ƙofa.

Bayan an gama wasannin wani ya kawo mana faifan. Mutumin ya ci agwagwa a Beijing. Ya yi gumi a kan tukunyar barkono a Chengdu. A Xi'an ya sha taliyar Musulmin ƙasar nan, wadda suke ja da hannu, a Shanghai kuma 'yan ƙullin fulawa masu romo a ciki. Duk masu shagunan nan takardarsu ta izini na rataye a bango, suna ta washe baki. Sai aka zo Guangzhou: ga matakalarmu, ga lambar ƙofarmu, ga fuskarka ta cika talabijin. Ni hannuna kawai aka gani da muciya. Ka yi ta dariya kana cewa a mayar baya. Ni kuwa ranar ko ruwa bai wuce mini ba.

Alhaji Mamman ya ce in daina ɗora wa faifan laifi, wai 'yan sanda na tare mutane a bakin tashar jirgin ƙasa kullum, da waɗanda suka fito a talabijin da waɗanda ba su fito ba. Ƙila gaskiyarsa ne. Ni dai ban sani ba, kuma rashin sanin ne yake cin raina.

Faifan nan da na fi tsana, shi ne yanzu ya zame mini abokin hira. Na ɗauki hotonka daga fuskar talabijin da wayata, na bi Shahe shago shago ina nunawa. Kowane laoban, mai shago ke nan, ya duba ya girgiza kai ya ce meiyo, wato babu.

Can gida Inna ta gan ka a dish ɗin gidan Malam Isa, unguwa ta taru aka kalla. Tun daga ranar take kira tana cewa in ba ta ɗan gidanta na talabijin. Na ce ka tafi masana'anta a wani gari. Jiya a waya ta ce in gaya mata in da abin da ya kamata ta sani.

Wuri ɗaya ya rage ban je ba, ka san shi. Wanda ya je ofishin 'yan sanda cigiya, fasfonsa ake fara karɓa, kuma ka san abin da ke cikin nawa. Alhaji Mamman ya roƙe ni kada in je, har da haɗa ni da Allah. Amma ba zan iya sake ɗaga wayar Inna da bakin nan ba.

Gobe da safe in Allah ya kai mu zan tafi. Na jiƙa shinkafa, na ba Hajiya Rabi ta ƙasan bene makullin ɗaki, don ban san ko zan dawo in buɗe shi da kaina ba. Zan zo da babbar kular nan, miyar kuka da yajin da kake so. In sun bari ta iso gare ka, ka ce wa duk wanda ke kusa da kai bismillah, Yaya, ba zan harare ka ba.

Allah ya tsare ka da tsarewarsa, ya sa kana inda ake ba ka ruwan alwala. Allah ya ba ni ƙarfin tsallaka ƙofar nan, ya mayar da mu gaban Inna mu biyu tare. Amin.

Ƙanwarka mai jiranka,
Hadiza