Labarin Mai Gadin da Ka Ba Ni Sau Uku

Zuwa ga Yaya Issaka,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ƙani ke yi wa wansa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Yau kwana arba'in da muka sa ka a makwancinka a Birmingham. Na rubuta wannan a inda jama'a za su gani ne, saboda ranar jana'iza 'yarka Ramatu ta gode mini a kan abin da ban yi ba, ni kuma na karɓi godiyar.

Ka san ni. A aji uku na tsaya a sakandare, na zo Manchester da jaka ɗaya. Yau motocina na kai kaya suna fita daga unguwar Ardwick kowace safiya, kuma in na shiga wurin suna likitocinmu da injiniyoyinmu tashi suke su ba ni kujera. Ba wanda ya ba ni, haka nake faɗa ko'ina. Abin da ba na faɗa shi ne kai ka koya mini riƙe injin goge daɓe, lokacin da muke sharar ofisoshi tare, ni ɗan Kano, kai ɗan zangon Kumasi, kowa yana yi wa Hausar ɗan'uwansa dariya.

Tun a lokacin kake damuna da besbol, wasan nan na Amurkawa na sanda da ƙwallo, wanda ka ce ma'aikatan jirgin ruwa suka koya maka a Tema, can bakin teku a Ghana. Duk garin nan ƙwallon ƙafa ake yi, kai kaɗai ke zuwa laburaren unguwa kana aro littattafan 'yan wasan da suka mutu tun kafin a haifi kakanninmu.

Ka ce na farkonsu da hannu tsirara suke cafe ƙwallo, yatsunsu duk sun karkace. Ka ce masu kulob sun ɗaure su da takarda, mutum ba ya iya komawa wani kulob ko ana cutarsa. Ka ce manaja a lokacin shi ma ɗan wasa ne, kaya iri ɗaya yake sawa da yaransa. Baƙaƙen fata kuwa, aka tura su waje, aka hana su wasa da fararen fata. Nakan ce, to Yaya, mu ina ruwanmu? Kai kuma ka ce, "Leburori ne irinmu, Bala, tafi kawai aka yi musu."

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka zo. Hukumar gari ta soke aikinka na kula da filin wasa a unguwar Whalley Range, kana da shekara sittin da 'yan kai. Laburaren ma aka rage masa kwanaki. Ka daina zuwa majalisarmu ta bayan Juma'a, ka ce gwiwa ce.

A lokacin ne ka zo ofishina. Ka sha shayi, ka ba ni labarin wani tsohon gwanin besbol da gari guda yake fita kallonsa. Ya tsufa, ba aiki, sai abokin wasansa na dā, wanda ya zama manaja, ya ba shi gadin ƙofar filin. Ka ce mutane suna wuce shi ba su san ko wane ne ba, amma yana ci da guminsa. Na yi dariya, na ce Yaya ba ka gajiya.

Bayan wata guda ka dawo, ka sake labarin. Wannan karon kana yi kana kallon ƙofar filin ajiye motocina ta taga.

Na uku kuwa, ka zo da wankakkiyar riga, ka goge takalmi. Ba ka ko kai ƙarshen labarin ba.

Yaya, mu Hausawa ne. Babba ba ya buɗe baki ya roƙi ƙaninsa aiki, sai dai ya kewaya, ƙanin ya gane ya ce, don Allah Yaya zo ka taimake ni. Karo na farko ban gane ba, wallahi. Na biyu na yi zargi. Na uku na gane sarai. Ina da gurbin gadi a ranar. Amma na hango ka zaune a ƙofa kana kirana Bala gatsau, sunan tsokanar da ka laƙaba mini, a gaban direbobina, kana ba su labarin zamanin da nake wanke banɗaki. Sai na duba waya, na ce ina da mitin.

Ka tashi ka ce, "Allah ya ƙara buɗi." Ba ka ƙara zuwa ba. Ka bar gidan hayarka, ka koma wurin Ramatu a Birmingham. Sau biyu aiki ya kai ni Birmingham kana kwance a asibiti a Edgbaston. Na ga ginin daga tashar jirgi. Ban shiga ba.

Ka san abin da Ramatu ta ce mini a gaban mutane? Ta ce, Kawu Bala, Baba ya gaya mana ka roƙe shi ya zo ya yi aiki a wurinka, shi ne ya ƙi saboda gwiwa, Allah ya saka da alheri. Har a gadon mutuwa asirina kake rufawa. Na tsaya da babbar rigata ina cewa amin.

Kwana arba'in ina neman yadda zan buga mata waya, na kasa. Na san tana karanta abin da nake rubutawa a nan, direbobina ma suna karantawa. To su sani: ban roƙe ka ba, kai ka zo, ni na kore ka da murmushi. In ta daina kirana Kawu, ta yi daidai.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata kabarinka, ya sa aljanna ce makomarka. Allah ya rufa maka asiri ranar tsayuwa fiye da yadda ka rufa mini. Ni kuma ban san ko ka yafe ba, ba ka bar mini kalmar da zan riƙe ba. Zan zo Birmingham ranar Lahadi in ƙwanƙwasa ƙofar Ramatu. Ko ta buɗe, ko ba ta buɗe ba.

Ƙaninka,
Bala