Ƙaron da Ka Liƙa a Marfin Mai

Yaya Manzo,

Na zo ba ka nan, maigidana Bature kuma yana jirana.

Sau tara tsohuwar motarsa ta mutu mana jiya a hanyar Belbeji. Ta ɗan yi tafiya, sai ta shaƙe. Na kwance, na hura, na tura cikin rairayi har kafaɗata ta sage. Da na buɗe tankin mai, sai na ji ya zuƙi iska. Ashe ƴar hudar marfin ka liƙe da ƙaro. Na san gyara ka nufa, amma mota ba salkar ruwa ba ce, ta nan take numfashi.

Na ce wa Bature ƙasa ce ta toshe hudar. Ni na sha marinsa a madadinka. Don Allah, kada ka ƙara taɓa ta.

Ƙaninka,
Dodo